Taura uku a baki ɗaya: nazari kan wani fim da ya tsaya cak a Garwa

Mu biyar ne muka zauna gaban jauro, mai unguwarmu a Garwa da ke arewacin Kamaru, a zaurensa bayan la'asar, sati biyu da babbar sallar 2022. Akwai Hamma, wanda ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni. Akwai kawunsa, ɗan kasuwar da ya zuba kuɗi. Akwai mai ɗaukar hoto, wanda ya baro Yola tun da asuba. Akwai Adda, yayar Hamma. Sai ni, da littafin lissafin ƙungiya a kan cinyata. Abin da ya tara mu bai fi tafin hannu ba: faifan ajiya na kwamfuta, baƙi, an naɗe shi a leda, yana cikin aljihun mai ɗaukar hoto. Aikin kwana 34 ne a cikinsa. Mutum uku kowa na cewa nasa ne, kuma in ka saurari kowannensu shi kaɗai sai ka ba shi gaskiya.

Na sakaya sunayensu da sunan fim ɗin, domin gari ɗaya muke, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Zan kira su da abin da nake kiran su kullum. Hamma da Adda kalmomin Fulatanci ne, yaya namiji da yaya mace, amma a bakin Bahaushen Garwa sun daɗe da zama 'yan gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne samarin da ke zuwa wurinmu. Wannan ya ce darakta yake son zama, wancan ya ce jarumi, wani ya zo da littafi cike da labari. Har yau ban ga wanda ya shigo ya ce furodusa yake son zama ba, alhali kuwa a nan gizo ke saƙarsa.

Hanyar da ya biyo kafin ya kai ga kyamara

Hamma ya haura shekara 40. Abincinsa yana wani ɗan shagon buga takardu da fotokwafi kusa da babbar kasuwa, kuma a nan yake rubutunsa, tsakanin mai son a buga masa takardar neman aiki da mai jiran hoton fasfo. Tun yana lise, wato makarantar sakandare, ya fara wasan daɓe, a bikin ranar matasa da ake yi kowace 11 ga Fabrairu, da Faransanci, a kan dandamalin da aka haɗa da teburan aji. Da ya gama makaranta ya tara mu, muka kai takardun ƙungiya ofishin firefe, wakilin gwamnati a yankinmu, kamar yadda dokar ƙungiyoyi ta 1990 ta tanada. Mun yi shekaru muna wasannin wayar da kai: kwalara in damina ta kankama, allurar shan-inna, sa 'ya'ya mata a makaranta. Mu kafa da'ira a bakin kasuwa, rabi da Fulatanci rabi da Hausa, masu ɗaukar nauyi su sallame mu da abin da ya sawwaƙa.

Daga nan ya shiga rediyo, kuma a ganina can ne hannunsa ya faɗa. Minti 15 ake ba shi, makirfo ɗaya, murya uku ko huɗu. Ba shi da halin ƙara ko rabin minti, domin sanarwa na jira a baya, mai kula da na'ura zai datse shi ko ana tsakiyar kuka ne. Wannan matsin ya koya masa zubar da duk maganar da ba ta ɗauke da kaya. Wasanninsa na rediyo har yau mata na tuna su a gidan biki.

Fim kuwa tun muna yara yake cikin jininmu. Tun shekarun 1990 kasakasan Kano ke shigo mana ta Yola da Mubi, muka kalle su a gidajen kallo, suka koma faifan CD, daga baya Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta shigo ɗakuna ta tauraron ɗan'adam, yanzu komai ya koma waya. Sai dai mai son yin fim da Hausa a Garwa yana tsaye ne a tsaka mai wuya. Kano na da harshensa da 'yan kallo, amma wata ƙasa ce da wani kuɗi. Yawunde ƙasarsa ce, can ake bikin fina-finai na Écrans Noirs tun 1997, amma kafin ka je sai ka bi mota zuwa Gaundare ka kwana a jirgin ƙasa, kuma in ka isa Faransanci da Ingilishi ake ji. A cikin garinsa ma Fulatanci ne harshen kasuwa. Gidan silima da za a ce a kai fim a sayar da tikiti babu. Ko a kudu, manyan gidaje uku da suka rage a Duwala da Yawunde da Bafusam a 2009 aka rufe su, sai bayan shekaru aka buɗe sababbi.

Hamma yakan kawo misalin Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeche a Chadi, wanda ya ci kyautar alƙalai a bikin Cannes a 2010. Yakan ce ga mutumin da ya fito daga ƙasar da ba ta da masana'antar fim, shi ke rubuta labarinsa, shi ke ba da umarni. Gaskiya ne. Abin da dukanmu ba mu duba ba shi ne a bayan waɗannan fina-finai akwai kamfanin shiryawa a Faransa da furodusa mai riƙe da kasafi da jadawali. Mun ga mai rawa, ba mu ga mai kiɗa ba.

Lissafin farko

Labarin na gado ne. Wani tsohon maɗinki a unguwar Hausari ya rasu ya bar gida ɗaya da keken ɗinki biyu. Babban ɗa na son a sayar ya ja jari ya tafi Duwala, ƙanwarsa na son a bar gidan, uwargida kuma tana riƙe da wani sirri game da yadda aka mallaki filin. Kashi 10, kowanne minti 25.

Kawu ya ba da sefa, kuɗin ƙasarmu, miliyan 2 a hannu, a cikin shagonsa, ba shaida sai yaron shago. Hamma ya kwashi adashinsa, dubu 500, ya ɗora a kai. Ga abin da na rubuta a shafin farko na littafina: kwana 20 na ɗauka, kowace rana dubu 90. Mai ɗaukar hoto da kyamararsa da fitilunsa dubu 35, abinci dubu 20, man janareta da kuɗin kilando, wato abin hawa na haya, dubu 15, sallamar 'yan wasa dubu 20. Dubu 500 na tacewa, dubu 200 a ajiye saboda halin yau. Mai ɗaukar sauti ba ya cikin lissafin, mun ce makirfon da ke kan kyamara ya isa.

Mun sa ranar farawa a tsakiyar Fabrairun 2022, bayan an watse daga gasar cin kofin Afirka da aka buga wasu wasanninta a filin Rumde Ajiya na nan Garwa. Niyya ita ce a gama kafin zafin Maris ya nuna, kuma kafin azumi da zai kama a farkon Afrilu. Wanda ya san Garwa ya san dalili. A bazara zafi kan haura digiri 40, kuma wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya a rani sai a shiga rabon wuta tsakanin unguwanni. Lissafin a takarda ba shi da laifi. Mutum ɗaya ne kawai zai tsare shi, kuma mutumin nan shi ne marubuci, shi ne darakta, shi ne furodusa.

Yadda kwana 20 suka zama 34

Ɓarakar farko daga alƙalami ta fito. A rana ta huɗu Hamma ya ga yadda wata yarinya da aka ba ƙaramin matsayi take wasa, ta burge shi, ya kwana yana rubutu, gari ya waye ta zama amarya a kashi na bakwai. Amarya kuwa sai da biki. 'Yan wasa 14 muka tsara, kafin sati na biyu ya fita sun kai 31, ban da 'yan rakiya da kowa zai ci shinkafa. Aka yi hayar rumfa da kujeru, aka ɗinka anko, aka kira masu kiɗa. Da na nuna masa littafi sai ya ce, “Ƙanena, labari ne ya nema.” Na yi shiru, domin a lokacin ban ga ina da hurumin cewa komai ba. Nawa rubuta abin da ya fita ne.

Sai kasuwar Pitowa, wani gari kusa da Garwa. Akwai fitowa uku da ya rubuta a cikinta, kuma ranar Lahadi take ci. Lahadin farko muka je muka ɗauka, hoto ya yi kyau ƙwarai, ga buhunan gyaɗa, ga shanu, ga mata da ƙwarya. Da dare da aka kunna, ba a jin kalma ɗaya sai ƙarar babura da lasifikar mai maganin gargajiya. Muka jira kwana bakwai muka koma da makirfon aro, igiyarsa ta ba da matsala. Sai a Lahadi ta uku aka samu. Dubu 15 da muka ƙi ba mai ɗaukar sauti a rana ta ci mana kwana biyu cur na aiki, wato kusan dubu 200.

Akwai ranar da ba zan manta ba, kuma saboda ita ne ba na yarda a ce Hamma bai iya aiki ba. Wata dattijuwa ce, Goggo muke ce mata, tsohuwar 'yar wasanmu tun zamanin rediyo, ita ta fito a uwargida. Fitowar ita ce inda take buɗe adakar marigayi ta tarar da tsohon almakashinsa. Ba magana, hannu ne kawai da fuska. Muna cikin ɗaki mai rufin kwano wajen ƙarfe ɗaya na rana, an kashe fanka saboda sauti, fitilu biyu na ci, janareta na ruri a bayan katanga. Aka ɗauka sau biyar, mai ɗaukar hoto ya ce ya yi. Hamma ya ce a sake. Aka kai goma, gumi ya jiƙa mayafinta, aka tsaya aka shanya shi. Wajen na goma sha shida ya durƙusa a gabanta ya rage murya ya ce, “Goggo, kada ki yi kuka. Ki gwada almakashin ki ji ko har yanzu yana ci.” Ta ɗauka, ta kama bakin zanenta, ta datsa kaɗan, ƙyas, sai ta tsaya tana kallon zaren da ya faɗo. Ɗakin ya yi tsit. Yaron da ke riƙe da fitila na share ido da kafaɗa. Wannan fitowar ita ce mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya. Ita ce kuma ta cinye yinin da aka tsara wa fitowa shida.

A rana ta 26 kuɗi ya ƙare ƙaf, har na tacewa da na ajiya. Hamma ya roƙi mai ɗaukar hoto ya ci gaba, in an gama a biya shi. Aka ƙara kwana takwas a kan bashi, dubu 280. Azumi ya kama, aiki ya tsaya, mai ɗaukar hoto ya sa faifan a jakarsa ya koma Yola.

A nan akwai abin da wanda bai taɓa zuwa lokeshan ba zai yi wuya ya gane. Ba a ɗaukar fim daga kashi na ɗaya zuwa na goma bi da bi. Wuri-wuri ake bi: duk abin da ya faru a tsakar gida a ɗauke shi a jere, ko na kashi na biyu ne ko na tara, sannan a koma shago, sannan bakin kogi. Saboda haka ba mu da ikon cewa to, ga kashi shida sun kammala, a sake su a nemi kuɗin sauran. Muna da kusan kashi biyu cikin uku na aikin, amma kowane kashi da ɓurmarsa. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura wa jarumar da ta fito a ƙanwa aure, mijin ya ce ta gama fim. Mai gidan da muka ara kuma ya yi wa bangonsa sabon fenti, shuɗi ya koma ruwan ƙasa.

Maganar da ba a rubuta ba

Ranar da Kawu ya ba da kuɗi cewa ya yi, “Ga shi, Allah ya sa albarka, in an sayar ma yi magana.” Hamma ya ji wannan a matsayin taimakon uba ga ɗa, rance ne ba wa'adi. Kawu kuwa ɗan kasuwa ne, atamfa yake sarowa. A wurinsa ya sa jari ne a kaya, kaya kuma wata uku suke yi su dawo da uwa da riba, kuma mai jari shi ke da kaya. Mai ɗaukar hoto na ganin tunda guminsa ne a faifan kuma ba a biya shi ba, jingina ce a hannunsa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kamaru na da dokar haƙƙin mallaka tun Disamban 2000, tana kare marubuci da mai shiryawa, amma in rigima ta tashi abin da kowa zai fara tambaya shi ne ina takarda. Mu ba mu da ko layi ɗaya. Kunya ta hana. Wa zai dubi ƙanin mahaifiyarsa ya ce sa hannu a nan?

Aka kuma samu saɓani a kan harshe. Ɗan Kawu, wanda ya yi karatu a Kano, ya kalli wasu fitowa a waya ya ce wannan Hausar ba za ta sayu ba. 'Yan wasanmu na magana ne yadda ake yi a Hausari da Yelwa: a ce lakwal maimakon makaranta, a ce lopital maimakon asibiti, a gaisa da jam na irin na Fulatanci, a tsoma Faransanci a tsakiyar zance in an husata. Ya ce a sake ɗora murya da Hausar Kano domin 'yan Najeriya su kalla a YouTube, can mutane suke. Kawu ya kama wannan magana ya riƙe, domin ita ce ta fi kama da hanyar dawowar kuɗinsa. Hamma ya ce sai dai a ƙona faifan. Wata biyu ba sa ga-maciji, har gaisuwar sallah ta hannun Adda ta bi.

Abin da nake gani ya faru

Mutane da yawa a unguwa sun ce rashin kuɗi ne. Ban yarda ba. Da Kawu ya ba da miliyan 4, da biki biyu aka rubuta.

Ayyukan nan uku an raba su ne domin su yi ja-in-ja da juna. Marubuci burinsa labari ya cika ya batse. Darakta burinsa kowace fitowa ta kai inda yake ji a ransa, ko sau nawa za a maimaita. Furodusa shi ne mai tsayawa da agogo a hannu ɗaya, jaka a ɗaya hannun, ya ce wa su biyun a'a. In mutum uku ne, gardamar a fili ake yin ta, a ji ta, a yanke, wani ya ji haushi ya huce. In mutum ɗaya ne, a cikin kansa ake yin ta da tsakar dare, kuma furodusan ne kullum ke shan kaye, saboda shi kaɗai ne aikinsa ba daɗi. Ba wanda ya shiga wannan sana'a don yana sha'awar ƙirga kwanon abinci. An ce taura biyu ba ta taunuwa, shi uku ya cusa.

To me ya sa ya yi shekaru yana riƙe da ukun a daɓe da rediyo ba abin da ya faru? Domin a can akwai furodusa, ba mu dai san sunansa ke nan ba. A rediyo agogon tashar ne. A wasan bakin kasuwa rana ce, in ta faɗi jama'a sun watse, ga kuma masu ɗaukar nauyi da suka ƙayyade kuɗi da saƙo tun farko. Kuskure a daɓe yammaci ɗaya yake ci. Kuskure a lokeshan dubu 90 yake ci a kowace fitowar rana, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Ranar farko da Hamma ya samu kansa ba mai datse shi ita ce ranar da ya riƙe miliyan biyu da rabi.

Ni ma ina da kaso a ciki. Na ga ramin tun rana ta takwas, alƙalumman na hannuna. Na faɗa masa sau ɗaya cikin ladabi, ya amsa, na koma gefe, saboda yayana ne kuma shi ya koya mini sana'ar. Girmamawar nan da muke taƙama da ita, wadda ke riƙe da gidajenmu, ita ce ta ɗaure mini baki a inda ya kamata in buɗe shi. Duk wanda za a ba jaka a irin wannan aiki dole ya zama wanda darakta ke jin nauyinsa, ba wanda ke jin nauyin darakta ba.

Zaman zaure

Jauro ya saurari kowa bai katse ba. Da aka zo kan Adda, wadda ke da shagon ɗinki da 'yan mata shida a ƙarƙashinta kuma ita ce uwar adashin matan layinsu, sai ta gyara mayafi ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ban san fim ba. Amma na san in mace ta kawo yadi huɗu ba a yanka mata ɗinkin yadi shida.” Ta juya ga Kawu ta ce, “Kawu, in aka bar abin nan a aljihun bawan Allahn nan, ko dala ba za ka gani ba. Ka ba ni shekara.” Ta ce za ta karɓi ragamar bisa sharaɗi uku. Kuɗi ba zai sake bi ta hannun Hamma ba. Kashi 10 za su koma 6. Kuma duk abin da aka yarda da shi a zauren za a rubuta.

A daren aka buga takardar a shagon Hamma, shafi ɗaya da Faransanci, ɗaya da Hausa. Labari na Hamma ne, ba mai canza shi ko sayar da shi sai da izininsa. Kuɗin Kawu jari ne, abin da ya shigo za a fara cire kuɗin kammalawa, sannan a riƙa biyansa har ya mayar da uwar kuɗinsa, abin da ya ƙaru a raba. Mai ɗaukar hoto za a biya shi rabi nan take, rabi ranar da ya dawo, faifan kuma a kwafe shi gida biyu, ɗaya a ajiye wurin jauro. Kowa ya sa hannu, Kawu ya rubuta sunansa da ajami.

Adda ta nemi dubu 800. Ta bi shaguna uku, mai sayar da waya, mai kayan ɗaki da wata makarantar kuɗi, ta karɓi dubu 300 na talla tun kafin a ga fim. Sauran ta ɗauko daga kwasar adashinta. Ta ba Hamma kwana biyar na ɗauka, a watan Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke, da 'yan wasa takwas, da mai ɗaukar sauti wannan karon. Ya ce ba zai yiwu ba. Ta ce to a bari. Ya yi kwana uku ba ya kula ta, a na huɗu ya rufe shago ya zauna da takardunsa.

Abin da ya fito daga wannan zama shi ne ya sa nake ganin Adda ba ta cuci labarin ba. Bikin nan da ya ci kuɗi ya koma minti biyu. Fentin da aka canza ya shigar da shi cikin labari: babban ɗa ne ya yi wa gidan fenti don ya ja hankalin masu saye, ƙanwarsa ta ji labari ta yi fushi. Ita kuwa ƙanwar da aure ya ɗauke, sai ya sa ta tafi Gaundare wurin gwaggonta tun kashi na huɗu, daga nan ba a sake ganin ta ba sai muryarta a waya. Adda ta je da kanta ta gaida mijin, ta kira shi ƙanena, ta ce ba kyamara, ba fita, a ɗakinta za a ɗauki muryar kuma yana zaune. Ya amince. Waɗannan kiraye-kirayen waya tsakanin wa da ƙanwa, shi a tsakar gida yana zagaye, ita murya kawai, aikin mutumin da ya yi shekaru a rediyo ne. Da yawa daga waɗanda suka kalla sun ɗauka tun asali haka aka tsara.

Maganar harshe Adda ta yanke ta da lissafin kasuwa. Ta tambayi ɗan Kawu, “Yarona, 'yan Kano fim suka rasa da za su nemi namu? Wanda zai ciro ɗari biyar ya biya a nan yake, kuma muryarsa yake son ji.” Aka bar Hausar yadda take, aka sa fassarar Faransanci a ƙasan hoto saboda maƙwabta da ba sa ji sosai.

Tacewa ta ja lokaci, domin sai kuɗi ya taru ake turawa. A nan sa'a ta taimaka: a Yola editan yake, da naira ake biyansa, kuma bayan faɗuwar da naira ta yi daga Yunin 2023 sefa ta ƙara auki a hannunmu.

Inda aka kwana

An fara nuna fim ɗin a ƙarshen 2023, dare huɗu, a farfajiyar makarantar da ta ba da talla da wani ɗakin taro, tikiti sefa 500, mata gefe maza gefe. Mutum sama da dubu suka shiga. Daga baya aka kai shi Pitowa da Marwa. Adda ta hana a ɗora shi a intanet sai da aka gama wannan zagaye, domin ta san ranar da ya hau, washegari masu tura fina-finai a waya za su riƙa sayar da shi a bakin kasuwa ba tare da ko sisi ya zo mana ba. Haka kuwa aka yi. Wani gidan talabijin mai zaman kansa da muka tuntuɓa cewa ya yi mu ne za mu biya kuɗin fili. A YouTube kuwa kafin tasha ta fara samun kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma fim mai kashi shida ba ya ɗaukar wannan kaya shi kaɗai.

Mai ɗaukar hoto an biya shi tas. Adda ta mayar da kuɗin adashinta. Kawu ya karɓi kusan dubu 600 cikin miliyan 2, ana ci gaba da kai masa abin da ya samu, kuma ya daina tambaya da kansa, sai dai ya aiko yaro. Dubu 500 na Hamma ba a ma zo kansu ba. Suna gaisawa da kawunsa, amma zaman hirar dare da suke yi a ƙofar shago bai dawo kamar da ba. Har yanzu kuma in aka taɓo zancen wata fitowa ta bakin kogin Binuwai da Adda ta soke, fuskarsa takan canza, yana ganin da ita da kashi na biyar ya fi haka. Mai yiwuwa yana da gaskiya.

Yanzu yana kan sabon labari, kashi huɗu, a kan masu kamun kifi a Lagdo. Makon jiya na tarar da su biyu a shagon ɗinkin, kekuna na ta ƙara, takardunsa a baje a kan teburin yanka. Adda na bi da jan alli irin na auna yadi. Ta tsaya a wani shafi ta ce, “Kwale-kwale nawa ne a nan?” Ya ce biyar. Ta ce, “Biyu.” Ya ce, “Adda, uku. Na ukun shi ne wanda zai dawo ba kowa a ciki.” Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da ido kan takardar ta sake karantawa, sannan ta rubuta uku a gefe, ta ce mini in je Lagdo ranar Asabar in ji nawa ake hayar kowanne.